Albashi Yana Latti, Rai Ya Gaji: In Ajiye Aikin Ko In Jira Sallama?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekarata shida a wani kamfani, kuma tun bara al'amura suka soma taɓarɓarewa. Albashin da muke gani kafin wata ya mutu, yanzu sai an kai tsakiyar wani watan. Sau biyu ana rage ma'aikata, aikin mutum uku ya dawo kaina, shugaban sashenmu kuwa kullum a wuya yake. Da safe nakan daɗe zaune a bakin gado kafin in iya miƙewa. Na riga na rubuta takardar ajiye aiki, tana cikin durowa. Wani abokina ya ce kada in kuskura, in jira su sallame ni da kansu in karɓi kuɗin sallama. Ban samu wani aikin ba, ina da mata da 'ya'ya, kuma abin da na tara bai fi ya riƙe mu wata uku ba. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, bar takardar nan a durowa tukuna, amma kada ka yaga ta.

Abu biyu ka haɗa wuri ɗaya, shi ya sa kanka ya ɗaure. Na farko, shin za ka bar wurin nan? Wasiƙarka ta riga ta amsa wannan. Da a ce aikin ne kawai ba daɗi amma kamfanin yana da ƙarfi, ko kamfanin ne ke tangaɗi amma kana son aikin, da na ce ka ƙara haƙuri. Kai kuwa duka biyun sun haɗe maka. Na biyu, yaushe za ka tafi, kuma ta wace ƙofa? Wannan lissafi ne, kuma shi ne ba ka yi ba tukuna.

Abokinka yana da gaskiya, amma rabinta ya faɗa maka. A dokokin ƙwadago na ƙasashe da yawa, wanda ya ajiye aiki da hannunsa da wanda aka sallama saboda rage ma'aikata ba matsayinsu ɗaya ba. Yarjejeniya mai lamba 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1982, ta tanadi notis da kuɗin sallama ko wani tallafi ga wanda mai aiki ya sallama, kodayake ba kowace ƙasa ce ta rattaba mata hannu ba. A Birtaniya, wanda ya cika shekara 2 a wuri yana da haƙƙin kuɗin sallama idan aka rage shi. Idan shi ya miƙa takarda, ba ko sisi. A Jamus, wanda ya bar aiki ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba akan riƙe masa tallafin marasa aikin yi har mako 12. Saboda haka takardar da ke cikin durowarka tana da farashi, kuma ya kamata ka san nawa ne kafin ka sa mata hannu. Ɗauko takardar ɗaukar aikinka da littafin ƙa'idojin ma'aikata, ka karanta abin da suka ce a kan notis da giratuti da kuɗin hutun da ba ka ci ba. Mutane da yawa ba su sake buɗe waɗannan takardu ba tun ranar da aka ɗauke su aiki.

Ga ɗaya rabin kuwa. Kuɗin sallama alkawari ne, kuma mai alkawarin shi ne wanda a yanzu yake kame-kamen biyanka albashin wata guda. Ranar da kamfani ya karye, layi ake shiga, kuma galibi bankin da ke riƙe da jinginar gini da injina shi ke gaba. Gaskiya ne yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 95 ta 1949 ta ce a fifita albashin ma'aikata a cikin basussukan kamfanin da ya karye, amma fifikon yana da iyaka. A Amurka, albashin kwana 180 na ƙarshe ne kawai ke samun wannan fifikon, shi ma zuwa wani adadi. Wasu ƙasashe sun kafa asusun da ke tare wa ma'aikaci: na Jamus yana biyan albashin wata 3 na ƙarshe, na Birtaniya yana biyan bashin albashi har na mako 8. Inda babu irin wannan asusun, ma'aikaci na iya shekaru yana zaryar kotu a kan abin da ya rage bayan an sayar da kujeru da kwamfutoci. Mutumin da ya zauna shekara guda yana shan wahala don jiran kuɗin sallama, sannan a wayi gari ƙofa a garƙame, ya yi biyu babu.

To, ta yaya za ka san wane irin kamfani ne naka? Hanya mafi sauƙi tana cikin wayarka. An rage ma'aikata sau biyu, ka san wasu daga cikinsu. Kira mutum biyu ko uku, musamman na rukuni na biyu, ka tambaye su ƙarara: an biya ku? Duka ko wani ɓangare? Bayan wata nawa? Idan na farko sun karɓi nasu cif, na biyu kuma har yau ana ce musu su dawo mako mai zuwa, ka san abin da ke jiran na uku. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Sannan ka duba fanshonka. Takardar albashi za ta nuna an cire kuɗin, amma cirewa daban, turawa daban. Nemi bayanin asusunka daga masu kula da shi, ka gwada wata da wata. Kamfanin da ke yankar fansho ko haraji daga albashi ba ya turawa, da kuɗin ma'aikata yake juya harkarsa, kuma a ganina wannan ya fi lattin albashi muni. Ka kuma lura da masu kawo wa kamfanin kaya: in waɗanda suka saba ba da bashi sun koma sai kuɗi hannu, su ma sun hango wani abu. Haka in babban akanta ya tafi ba zato, domin shi ne ke ganin littafin da ku ba ku gani.

Abin da ba zan ba ka shawarar dogara da shi ba shi ne jawabin shugabanni a taron ma'aikata. Ba lalle maƙaryata ba ne. Wani lokaci su ma fata suke yi da babbar murya. A watan Satumba na 2001 shugaban kamfanin makamashi na Amurka mai suna Enron, Kenneth Lay, yana faɗa wa ma'aikatansa cewa hannun jarin kamfanin ya yi araha, abin saye ne. A Disamba kamfanin ya karye, dubbai suka rasa aiki, da yawa har da ajiyar fanshonsu da ke cikin hannun jarin. Tsufan kamfani ma ba kariya ba ne. Thomas Cook, kamfanin yawon buɗe ido na Birtaniya, yana da shekara 178 lokacin da ya durƙushe a Satumban 2019.

Yanzu maganar wata ukun da ka tara. Ba su da yawa. Neman aiki yakan ja fiye da yadda mutum ya zata, kuma mai nema yana kan aiki ya fi ƙarfin ciniki a kan mai nema yana zaune a gida, domin na biyun duk abin da aka miƙo masa karɓa zai yi. Don haka daga wannan makon ka ɗauki neman aiki a matsayin babban aikinka. Ka yi abin da aka ɗauke ka dominsa da kyau, amma aikin mutum ukun nan, je ka wurin shugabanka da jerinsu ka ce, “Ranka ya daɗe, wanne zan fara, wanne zai jira?” Ka tashi a kan lokaci. Kuma ka sa wa kanka rana, misali wata huɗu daga yau, tare da sharaɗi: in albashin wata biyu ya taru ba a biya ba kafin ranar, magana ta canza, domin a lokacin aikin kyauta kake yi, har kana cin ajiyarka wajen kuɗin zuwa ofis. Ka zauna da uwargida ku tsayar da ranar tare. Ita ma rayuwarta ce ake lissafawa.

Akwai ƙofa ta uku da mutane ke mantawa da ita. Kamfanin da ke neman rage kashe kuɗi yakan yi maraba da wanda ya ce a sa shi cikin rukunin da za a sallama, ko a yi yarjejeniyar rabuwa. Amma da zarar ka furta, sun san ƙafarka ɗaya tana waje, don haka kada ka buɗe baki sai ka shirya tafiya, kuma duk abin da aka amince a kai a rubuta shi da adadi da ranar biya. Sannan a wasu dokoki, ƙin biyan albashi saɓa yarjejeniya ne babba, har ma'aikaci zai iya tafiya a ɗauke shi tamkar wanda aka kora. A nan kalmomin da ke cikin takardar ajiye aikin suna da nauyi, shi ya sa nake so lauyan ƙwadago ko jami'in ƙungiyarku ya gan ta kafin manaja ya gan ta. Tun yanzu kuma ka kwashe takardunka na kanka, na albashi da na ƙarin girma da na yabo, ka kai gida. Naka kawai, bayanan kamfani ka bar musu abinsu.

Tambaya: Malam, ni tawa ta wuce lissafi. Ofishinmu na fama da rashin kuɗi, an ce kowa ya ƙara ƙoƙari, muna kai dare, har ranakun hutu ana kira. Barci ya ƙaurace mini, sai in yi ta kuka ba dalili, kuma likita ya ce jinina ya hau. Maigidana yana aiki, ya ce in bari. Ni kuma gani nake kamar na gaza.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Shawarar jira da na ba ɗan'uwanmu ba taki ba ce, domin abu biyu sun bambanta ku: jikinki ya fara magana, kuma akwai wani albashin da ke shigowa gidanku.

Abin da kike kira gazawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta san da shi. A 2019 ta bayyana irin wannan gajiyar a matsayin abin da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, da alamomi uku: ƙarewar kuzari, fita daga rai da aikin ke yi, da raguwar ƙwazo. A 2021 kuma, ita da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da bincike cewa aikin awa 55 ko fiye a mako yana tafe da ƙarin haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100, da na mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17, in aka gwada da masu yin awa 35 zuwa 40. Ƙirga awanninki na makon jiya, har da kiran da kika amsa a gida. Mai hawan jini bai kamata ta yi wasa da wannan lissafin ba.

Kafin ki miƙa takarda, koma wurin likitan ki faɗa masa komai, har da kukan, ki nemi takardar hutun rashin lafiya. Hutun zai nuna miki wani abu. In barci ya dawo bayan kin nisanci ofis, kin gano tushen ciwon. In bai dawo ba, to akwai damuwar da ke buƙatar magani, kuma barin aiki kaɗai ba zai kore ta ba. Ko wanne ne, in kin tashi tafiya ki ba da notis yadda yarjejeniya ta ce, ki karɓi takardar shaidar aiki tun kamfanin yana nan da mai sa hannu.

Tambaya: An yi mini tayin aiki a wani wuri, amma albashin bai kai na yanzu ba. Da na faɗa wa shugabana, ya ce in tsaya, in abubuwa sun daidaita zai ɗaga ni. Ga shi ina jin nauyin abokan aikina, kamar zan gudu in bar su cikin wahala.

Amsa: Malam, ce wa shugaban naka ya rubuta: wane matsayi, nawa, daga wace rana. In ya ce ai tsakaninku ba sai an rubuta ba, ka samu amsarka. Sannan albashin da ke kan takarda ba shi ne abin gwadawa ba. Tara abin da ya shiga asusunka a wata shida da suka wuce, ka raba shida, ka ajiye shi kusa da tayin. Sau da yawa ratar takan tsuke, wani lokaci ma ta juye.

Steven Levitt, masanin tattalin arziki a Jami'ar Chicago, ya taɓa sa mutanen da suka kasa yanke shawara jefa kwabo ta intanet, fiye da sau 20,000. A manyan al'amura irin barin aiki, waɗanda suka yi canjin sun fi nuna jin daɗi bayan wata shida. Ban ce ka jefa kwabo ba, amma binciken ya nuna yawancinmu mun fi karkata ga zama fiye da kima, kai kuma da tayi a hannu kake jinkirin.

Abokan aikinka kuwa, zamanka ba zai biya su albashi ba. Haƙƙinsu a kanka shi ne ka cika notis, ka bar bayanin miƙa aiki wanda mai gadonka zai iya bi ba tare da ya yi ta kiranka ba, kuma in ka ji ana neman ma'aikata a sabon wurin ka tuna da su. Amma kada ka ajiye na hannu sai takardar ɗaukar aikin ta iso da sa hannu da ranar farawa, kuma ka samu wani da ke aiki a can ka tambaye shi ranar da albashinsu ke shiga.