Jami'a ko rumfa: amsa ga wani mai dankali a Farin Gada

Tambayar wannan makon ta fito ne daga wani dattijo mai sayar da dankalin turawa a kasuwar Farin Gada, nan Jos. Ga abin da ya ce a taƙaice:

"Malam, ɗana na biyu ya gama sakandare, shekararsa 18. Ya nemi karatun akanta a Jami'ar Jos, sai aka ba shi wani kwas da ba shi ya nema ba. Akwai naira miliyan uku da zan iya zarewa daga jarina. In kashe masa a karatu, ko in kama masa rumfa ya fara juyawa? Abin da ya sanyaya mini gwiwa, yayansa ya gama digiri shekara huɗu ke nan, har yau Keke Napep yake ja."

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya shirya mana zuri'a. Tun kafin mu kai ga zancen jami'a, akwai kalma ɗaya a tambayarka da ta tsaya mini a rai, wato "daga jarina". Kuɗin da ke cikin jari ba ajiya ba ce. Su ne buhunan da kake ɗaukowa daga Bokkos da Mangu, su ne kuɗin mota da na 'yan dako, su ne abin da ke riƙe ka ranar da mai saye daga kudu ya ce sai mako mai zuwa zai turo ciko. In ka zare miliyan uku, lodin da kake yi zai ragu, riba ta ragu, kuma daga ribar nan gida yake ci. Don haka ko karatu ko rumfa, sharaɗina na farko shi ne kada a taɓa uwar kuɗi. Na ga 'yan kasuwa da yawa da suka karye ba don ciniki ya ƙi ba, sai don sun riƙa gutsurar jari suna hidimar gida da shi, suna cewa kaka mai zuwa za su mayar.

Yanzu ga batun digiri. Tsoronka yana da tushe, ba zan ce maka babu ba. Karatun da aka rubuta shekara huɗu a takarda ba lalle ya ƙare a huɗu ba. A 2020 malaman jami'a sun yi yajin aiki na kusan wata tara, a 2022 kuma suka sake yin na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ka ɗora shekarar bautar ƙasa a kai. Yaron da ya shiga yana 18 zai iya fitowa yana 24. Ɗan bautar ƙasa yanzu naira 77,000 yake karɓa a wata, mafi ƙarancin albashi kuma tun 2024 naira 70,000 ne. Kai da kake cikin kasuwa ka san abin da wannan kuɗin zai saya a yau, ka kuma san yaran da ke samun fiye da haka a tsakanin kwandunan tumatir da buhunan kabeji tun kafin azahar.

Amma digiri ba iri ɗaya ba ne, kuma nan ne iyaye da yawa ke yi wa rogo kallon kitse. Akwai karatun da shi ne ƙofar sana'ar kanta: likita, haɗa magunguna, jinya, lauya, injiniya. Duk basirar yaro, ba zai buɗe famasi na halal ko ya tsaya gaban alƙali ba sai da wannan takardar da rajistar hukumar da ke kula da sana'ar. Irin wannan karatu, in yaro ya samu kuma yana da kan yi, ko gona za a jinginar ban ga laifi ba. Akwai kuma karatun da kwalinsa izini ne kawai na shiga layin neman aiki. Ana ɗaukar mai digiri a aikin gwamnati a mataki na 8, gaskiya ne, sai dai masu jiran wannan gurbin sun ninka guraben nesa ba kusa ba. Wanda ya shiga irin wannan kwas ba da sonsa ba, don kawai a ce yana jami'a, shi ne ya fi fitowa hannu rabbana: bai ƙware a karatun ba, kasuwa kuma ta wuce shi.

Shi ya sa ban goyi bayan ka tura shi kwas ɗin da aka cusa masa ba, sai fa idan shi da bakinsa ya ce ya bincika, ya ga yana so.

To, rumfa fa? Ita ma ban yarda a damƙa wa ɗan shekara 18 miliyan uku ba. Kayan gwari ba sa jiran kowa. Ka san yadda dankalin damina yake: buhu ɗaya ya sha ruwa a hanya, a jibge shi cikin 'yan'uwansa, kwana biyu sai ka ji wari, ka zazzage ka tarar rabi ya zama kunu. Sanin wane manomi ne ke sa manya a bakin buhu ya ɓoye ƙanana a gindi, wane dillali ne maganarsa ɗaya, wa za a ba bashi wa za a hana, wannan ba a sayensa da kuɗi, a gindin uba ake ɗaukarsa. Kuma mu mutanen Jos ba ma bukatar a ba mu labarin yadda dukiyar kasuwa ke tafiya. A 2002 babbar kasuwar Terminus ta ƙone, mutanen da suka kwana da shaguna cike suka wayi gari ba su da ko tsinke. Waɗanda na ga sun fi saurin miƙewa su ne masu wani abu a ka ko a hannu bayan kayan da wuta ta ci.

Ga abin da zan yi da ni ne a matsayinka. Wannan shekarar ya zauna tare da kai a Farin Gada, ba a matsayin ɗan aike ba. Ka miƙa masa littafin ciniki. Ya rubuta kowane buhu da ya shigo, nawa aka saya, nawa aka biya mota, nawa ya ruɓe, wa ya ɗauka bashi, yaushe ya biya. Ka yanka masa ɗan abin da zai riƙa samu a kan kowane lodi, ya tara da kansa. Da yamma ya koma kan littattafansa, ya sake zana JAMB ya nemi akantan da yake so. Shekara ɗaya a irin wannan zama ba asara ba ce. In ya riƙe littafin nan wata shida ba tare da ka bi shi da faɗa ba, ka san akanta na jikinsa. In kuwa ya watsar da littafi amma ya fi kowa iya tsayawa da masu saye, shi ma ka samu amsarka, kuma ba ka kashe ko sisi ba.

Idan ya samu gurbin, lissafinka ya fi na mutane da yawa sauƙi, domin a gida zai kwana. Daga Farin Gada zuwa harabar jami'ar da ke Naraguta ko ta titin Bauchi ba tafiya ba ce. Babu kuɗin haya, babu tukunya biyu. Abin da ya rage kuɗin rajista ne da na mota da na takardu. Wannan a fitar da shi daga riba, kaɗan-kaɗan, a asusu daban. Akwai kuma bashin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, wanda dokarsa ta fara aiki a 2024 don ɗaliban makarantun gwamnati. Babu kuɗin ruwa a cikinsa, ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. Bashi ne dai, sunansa bashi, a kan yaron zai hau, don haka a gaya masa gaskiya kafin ya cike. Amma ya fi a tsaga jari.

Sharaɗin da zan kafa masa shi ne ƙafarsa kada ta bar kasuwa. Asabar da Lahadi da duk hutu, har da ranakun yajin aiki in ya zo, yana rumfa. Dalilina shi ne abin da na gani da idona. Wani ɗan kasuwa da nake ba shawara ya samu damar kai wa wani otal a Abuja kayan miya duk mako. Kayansa sun fi na kowa kyau, farashinsa ya fi sauƙi. Aka ce ya kawo shaidar rajistar kasuwancinsa da hukumar CAC, da asusun banki mai sunan kasuwancin, da rasit mai tambari. Ba shi da ko ɗaya, ba shi kuma da yaron da zai tsaya masa. Wani ya karɓi cinikin, yana saye a hannunsa yana kaiwa yana cin ribar tsakani. Abin ya daɗe yana ci mini rai. Ɗan da ya san buhu kuma ya san takarda, shi ne zai toshe maka irin wannan ɓarakar.

Kada kuma ka ɗauka jami'a ce kaɗai makaranta. Akwai kwalejin fasaha ta jiha a Barikin Ladi, akwai kwalejin kiwon lafiyar dabbobi a Vom, hedkwatar hukumar horar da ma'aikata ta ITF ma a nan Jos take. Yaro ya leƙa ya tambaya da ƙafarsa.

Sai yayan nasa. Alhaji, kada ka riƙa buga misali da shi a gaban ƙaninsa. Wanda ya ajiye kwali ya kama keke maimakon zaman kashe wando ba malalaci ba ne, kuma karatunsa bai zube ba, ba a dai ba shi wurin da zai yi aiki da shi ba. Ka taɓa zaunar da shi ka nuna masa lissafin kasuwancinka? Rajistar CAC da buɗe asusun da na ambata, shi zai iya yi maka su cikin 'yan makonni, ya kuma nemo maka masu saye a Abuja ta waya. Ka kira su su biyun bayan sallar isha'i, ka buɗe musu littafin, ka fara tambayar ƙaramin abin da shi yake so kafin ka faɗi naka.