Amsa ga mai tambaya kan yaƙin basasar Amurka

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka ce malaminku ya faɗa muku yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ba don bayi aka yi shi ba, wai rikicin haraji ne da 'yancin jihohi, kana neman wanda zai warware maka. Ni direban tirela ne, shekara goma sha huɗu ke nan ina zaune a Karolina ta Arewa, kuma yawancin lodina jihohin Kudu nake kai shi. Wannan maganar ta malaminku na sha jin ta a bakin Turawan da muke aiki tare, har na daɗe ina ɗauka haka ne.

'Yata ce ta kwance mini kai. Wata rana ta dawo daga makaranta da aikin gida: takardar da jihar Karolina ta Kudu ta fitar a Disambar 1860 tana bayyana dalilinta na ficewa daga tarayya. Bayan isha'i muka zauna, tana karantawa tana ja da jan biro, ni ina kurɓar shayi ina jira in ji inda za a ambaci harajin kwastan. Har ta kai ƙarshe ban ji ba. Kukansu shi ne jihohin Arewa sun ƙi maido musu da bayin da suka gudu, kuma an zaɓi shugaban da ke ƙin bauta, wato Abraham Lincoln. Ka lura da kyau: su da ake cewa suna kare 'yancin jiha, haushinsu shi ne jihohin Arewa sun yi nasu dokokin sun kare gudaddun bayi. Jihar Misisipi ma a tata takardar ƙarara ta ce matsayinta ɗaure yake da bauta. Mataimakin shugaban ƙasar 'yan awaren, wato jihohin Kudu da suka ɓalle daga tarayya, Alexander Stephens, a jawabinsa na Maris 1861 a Sabana, cewa ya yi an kafa sabuwar gwamnatinsu a kan cewa baƙar fata ba daidai yake da Bature ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma su da bakinsu suka faɗa.

Abin ya samo asali tun da nisa. A 1619 aka sauke 'yan Afirka kusan ashirin a Bajiniya, shekara goma sha biyu bayan Ingilishi sun kafa garin Jamestown. Taba da shinkafa suka fara cin guminsu. Da aka zo rubuta kundin tsarin mulki a 1787, sai aka yi ciniki: wajen rabon kujerun majalisa, kowane bayi biyar a ƙirga su a matsayin mutum uku. Bawa ba ya zaɓe, amma kansa yana ƙara wa ubangidansa kujera. Injin gurzar auduga da Eli Whitney ya ƙera a 1793 shi ya ƙara dagula lissafi, domin auduga ta zama zinariya. Kafin 1860 bayi sun kusa miliyan 4, auduga kuma ta haura rabin duk abin da Amurka ke sayarwa a waje. Duk lokacin da za a shigo da sabuwar jiha daga yamma sai an yi rigima, ta bayi ce ko ta 'yantattu. An yi sulhu a 1820, an sake a 1850, duk faci ne a tsohuwar riga.

Amma kada in cuci malaminku, akwai inda yake da ɗan abin kamawa. Lincoln bai shiga yaƙi da niyyar 'yanta bayi ba, haɗa kan ƙasa ya sa a gaba, kuma Turawan Arewa da dama ba son baƙar fata suke ba. Sai ranar 1 ga Janairu 1863 ya shelanta 'yancin bayin da ke yankunan tawaye. Daga nan baƙaƙe wajen 180,000 suka sa kakin sojan tarayya. Cikinsu har da wani namu, Muhammad Ali Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said, haifaffen Kukawa ta Borno. An kama shi yana yaro, aka keta Sahara da shi, ya bi ta Turkiyya da Rasha, ya iso Amurka yana mai 'yancin kansa, kuma a 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Masacusets.

Na taɓa kai iyalina Charleston, a Karolina ta Kudu. Mun shiga kwalekwalen fasinja zuwa ganuwar Sumter, inda aka yi harbin farko ranar 12 ga Afrilu 1861. Amma abin da ya tsaya mini a rai wani ɗan gini ne a titin Chalmers, inda a da ake gwanjon mutane, yanzu gidan tarihi ne. A bango akwai bayanin yadda ake sa wa mutum kuɗi gwargwadon shekarunsa da ƙarfinsa. 'Yata ta tsaya tana neman inda shekarunta suka faɗa. Wallahi sai da na fita waje na sha iska.

Batun sake haɗewar ƙasar bayan yaƙin kuwa, nan ne zuciyata ta fi ƙuna. Janar Lee na 'yan aware ya miƙa wuya ga Janar Grant na tarayya ranar 9 ga Afrilu 1865, bayan mutum sama da 600,000 sun mutu, kwana biyar bayan haka aka harbe Lincoln. An soke bauta a 1865, an ba baƙaƙe zama 'yan ƙasa a 1868, mazansu suka sami ƙuri'a a 1870, shekarar da Hiram Revels ya zama baƙin sanata na farko. Sai a 1877 gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga Kudu. Turawan ɓangarorin biyu suka shirya tsakaninsu, aka bar tsofaffin bayi a hannun iyayengijinsu na jiya, aka bi da dabaru aka ƙwace ƙuri'ar, ba ta dawo sosai ba sai 1965. A wannan tsakanin ne labarin "ba don bayi ba ne" ya yi ƙarfi har ya shiga littattafan makaranta.

Tutar 'yan awaren sai a Yulin 2015 aka sauke ta daga harabar majalisar Karolina ta Kudu, bayan wani matashi ya kashe baƙaƙe tara a coci a Charleston. Ka nemi takardar nan ta 1860, tana intanet kuma ba ta da tsawo, ka kai wa malaminku cikin ladabi ku karanta tare.