Tambayi Likita: Rakiyar Mai Naƙuda da Shirin Haihuwa

Likita, ina zaune a Gadarif, a ƙasar Sudan. Na gama sakandare, yaƙi ya hana ni ci gaba. Ina ganin wasu mata a Facebook suna kiran kansu "dula", wai suna raka mace wajen haihuwa. Kakata ungozoma ce, ita ta yanke cibiyar rabin unguwarmu. Aikinsu ɗaya ne? Ta ina zan fara?

'Yata, Allah ya yi miki albarka. Kalmar daga Girkanci take, amma aikin kin san shi tun kina goye. Innar nan da ke zama kusa da mai naƙuda, ta riƙe mata ƙugu, ta share mata gumi, ta ba ta ruwa, tana cewa "sannu, saura kaɗan", ita ce dula. Bambancinta da kakarki shi ne ba ta karɓar haihuwa. Ba ta sa hannu ta auna buɗewar mahaifa, ba ta allura, ba ta yanke cibiya. Wannan na ungozoma ne, wadda Larabawan nan ke kira daya.

Kada ki raina shi don babu allura a ciki. An yi bincike a ƙasashe da dama, aka ga macen da ta samu mai tsaya mata daga farkon naƙuda zuwa ƙarshe ta fi haihuwa da kanta, naƙudarta ta fi gajarta, kuma yi mata aiki ya ragu. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 2018, ta ce a bar kowace mace ta zaɓi mai raka ta. Wanda ya taɓa shiga ɗakin haihuwa cikin dare, ungozoma ɗaya kan mata shida, ya san dalili.

Akwai ƙungiyoyin da ke koyarwa ta intanet, irin su DONA ta Amurka da aka kafa a 1992, sai dai da dala ake biya, kuma takardarsu ba lasisin ungozoma ba ce. Ni a ganina ki fara da asibitin sha-ka-tafi na unguwarku: ki nemi izinin ungozomar wurin ki riƙa zama ranar awo, ki koyi alamomin haɗari har ki haddace su kamar Fatiha. In zuciyarki ta kwanta da aikin, ki nemi makarantar ungozomomi. Ƙasar nan ta daɗe a wannan fage; tun 1921 aka buɗe ta Omdurman, inda aka koya wa matan da ba su iya karatu ba gane magani ta ƙanshi da ɗanɗano. Ke kuwa har da sakandarenki.

Likita, ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Mai Wurno. Matata na da cikin fari, wata takwas. Mahaifiyata ta ce a gida za ta haihu kamar yadda aka haife mu. Ina jin nauyin yi mata musu.

Malam, ba sai ka yi wa Hajiya musu ba. Ka roƙe ta ta zama ita ce mai rakiya zuwa asibiti, sau da yawa nan ake daidaitawa, don abin da uwa ke gudu shi ne a fitar da ita daga maganar.

Abin da ya fi damuna da cikin fari kunya ce. Yarinya za ta kwana tana murƙususu ta ƙi faɗa, wai kada a ce ba ta da dauriya, sai gari ya waye a tarar ta galabaita. Doguwar naƙuda ita ke kawo yoyon fitsari, ita ke kashe ɗa a ciki. Ka samu wata da matarka ba ta jin kunyarta, yayarta ko ƙawarta, ta dawo kwana gidan tun yanzu.

Sauran shirin naka ne. Ka yi magana da mai mota ko mai raksha, wato keke mai ƙafa uku, ka karɓi lambarsa, ka samu na biyu saboda ko ta kwana. In haihuwar ta faɗo cikin damina, ka san yadda laka ke riƙe mota a hanyoyinmu. Gara ta koma wajen dangi kusa da asibiti mako biyu kafin lokaci. Ka ajiye kuɗi a hannu, don Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, na iya ƙin aiki in intanet ya ɗauke. A gwada rukunin jininta, a samu 'yan'uwa biyu da za su ba da jini. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa biyu, ba lokacin neman mai bayarwa ba ne.

Ko dare ko rana, a tafi asibiti in an ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, ko kumburin fuska, ko jijjiga, ko zazzaɓi, ko faya ta fashe babu naƙuda, ko ɗa ya rage motsi, ko naƙuda ta wuce awa 12.

Likita, daga Kasala. Maƙwabciyata ta ce akwai allurar da ake yi a gida naƙuda ta yi sauri. Ni kuma dabino nake ci. Wanne ya fi?

Baiwar Allah, ci dabinonki, in dai ba ki da ciwon suga. Allurar kuwa oksitosin ce, magani ne mai kyau da muke tsayar da jini da shi bayan ɗa ya fito. Kafin ya fito, a cikin ƙarin ruwa ake sa ta, ɗigo-ɗigo, ana sauraron bugun zuciyar ɗan, a inda za a iya yin aiki nan take. A yi ta a cinya a tsakar gida, mahaifa na iya tsagewa. Ki gaya wa mai rakiyarki tun yau: kowa ya zo da ita, ta hana.