In ɗaura leza a kan injin CNC ɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni kafinta ne a wani ƙauye kusa da Kazaure. Ina da ƙaramin injin CNC, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, samfurin 3018, da nake sassaƙa sunaye da shi a katako. Na ga ana tallan na'urar leza, mai ƙona zane da haske, mai wat 40 da ake ɗaura masa. Ina so in riƙa yin zane a fata da ƙwarya, in kuma yanka filawud. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Saya, amma da niyyar zane. Yanka kam zai ba ka wahala.

Wat 40 ɗin nan da suke rubutawa, sau da yawa wutar da na'urar ke sha ce. Hasken da ke fitowa ya ƙona katako bai fi wat 5 ba a irin waɗannan. Kafin ka ba da kuɗi, ka sa mai sayarwa ya faɗa maka ƙarfin hasken kansa. In ya kama kame-kame, nemi wani. Mai wat 5 yana fitar da suna tsaf a katako da fata, amma filawud mai kaurin milimita 3 sai ya bi layi ɗaya sau da yawa kafin ya ratsa, bakin kuma ya yi baƙi. Ga shi 3018 ba shi da sauri, faɗin aikinsa santimita 30 ne da 18. Ƙarfe kuwa ba ya yankuwa da shi.

Ƙwarya za ta ɗan ba ka matsala. Hasken yana taruwa ne a tazara ɗaya tak, ita kuma ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, don haka tsakiyar zanen zai fito, gefe ya dusashe. Ƙaramin tambari zai yiwu.

Ka duba allon lantarkin injinka ko yana da mazubin leza mai alamar PWM, wanda ta nan ake sarrafa ƙarfin hasken, kuma manhajar da ke cikinsa GRBL 1.1 ce. LaserGRBL, manhajar da ke tura wa injin zane, kyauta ake samunta a kwamfuta.

Inda hankalina ya fi tashi shi ne ido. Shuɗin hasken nan, ko daga jikin ƙarfe ya dawo, yana iya lalata ido kafin ka ƙifta, kuma ba ya gyaruwa. Baƙin gilashin rana ba ya kare komai. Nemi tabarau da aka yi domin kare ido daga haske mai nanomita 450, wato ma'aunin shuɗin hasken nan, sannan ka haɗa wa injin akwatin rufewa, ai kai kafinta ne. Shagon ƙauye ba ya rabuwa da yara masu leƙe, su kuma ba tabarau gare su ba.

Fata ma a kula. Jimar gargajiya ta bagaruwa ita ta fi dacewa. Fatar roba ta kujeru da jakunkuna yawanci robar da ake kira PVC ce, in ta ƙone hayaƙinta guba ne, yana cin huhu, yana sa injin tsatsa. Kada ta kusanci lezar.

Ka share garin katako kafin ka kunna, musamman da hunturu da komai ya bushe, kuma kada ka tafi masallaci ka bar shi yana aiki. In da hali, ka jona shi da batirin sola, domin in wuta ta ɗauke ana tsakar zane, da wuya ka dawo daidai inda ya tsaya, fatar mai kaya kuma ta tafi ke nan.