Zoɓo mai gas ba tare da barasa ba: me zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a Amurka. Abokin aikina yana dafa giyarsa a garejin gidansa duk ƙarshen mako, don nishaɗi kawai. Ni ba na sha, amma ina so in riƙa haɗa wa iyalina zoɓo da lemon citta mai gas. Ya ce in sayi kaya irin nasa. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka saya, amma rabin kayan ne naka.

Tun 1978 da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba mutum damar dafa giya a gidansa, shagunan waɗannan kaya suka yaɗu a ƙasar, kuma abin da suke sayarwa kashi biyu ne. Akwai bokiti mai murfi da ɗan bututu a ka, tare da ƙullin yis. Wannan ka bar wa abokinka. Yis sukari yake ci, ya fitar da gas da barasa a tare, babu yadda za ka ɗauki ɗaya ka bar ɗaya. Za ka ji ana cewa ka jefa ɗan yis a kwalbar citta, ka toshe kwana biyu, gas zai zo. Zai zo kam, amma da barasa a ciki komai ƙanƙantarta, kuma kwalbar gilashi tana iya fashewa a kicin inda yara ke kai da komo.

Naka shi ne kashi na biyu: tulun ƙarfe mai cin lita 19, wanda asalinsa ma na kamfanonin lemo ne kafin masu giya su ara, da tukunyar gas irin na lemon kwalba (ba na girki ba), da kan da ke daidaita ƙarfinsa. A nan dura gas ake yi, ba a bar komai ya yi tsami ba. Ka tafasa zoɓonka da citta da kanumfari, ka tace sosai don dusa tana toshe bututu, ka bari ya huce, ka zuba a tulun, ka sa a firji da gas a jone. Ruwa mai sanyi ya fi riƙe gas, cikin 'yan kwanaki zai yi. Na fi so ka sayi sabon tulu. In na hannu ka samu, ka canza duk robobin bakinsa, domin suna riƙe warin abin da aka taɓa zubawa.

Amma ka duba yawan gidanka tukuna. In ku huɗu ne ko biyar, ƙaramin inji irin SodaStream ya ishe ku: ka sa wa ruwa zalla gas, sannan ka tsiyaya zoɓo mai kauri a kai.

Tambaya: Ina sayar da kunun zaƙi da zoɓo a Kano. Kafin la'asar robobin sun kumbura, in an buɗe sai su yi huci. Maganin hana lalacewa zan saya, ko kula mai riƙe sanyi?

Amsa: Ki sayi kula, Hajiya, da ƙanƙara. Wannan hucin alama ce yis ɗin da ke cikin iska da jikin tsofaffin robobi ya soma cin sukarinki, zafin Afrilu kuwa yana ƙara masa azama. Masu burukutu da gangan suke barin dawa ta bi wannan hanyar, ke kuwa tare ta za ki yi. A Sahihu Muslim an ruwaito cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi, ya sha zuwa yammacin kwana na uku, abin da ya rage a shayar ko a zubar. Kununmu a zafin nan ba ya kai haka. Ki rage yawan damun, ki yi sau biyu a rana, sukari ya zama na ƙarshen shiga, ki sayi sababbin robobi maimakon na tsintuwa. Wadda ta riga ta kumbura, don Allah ki zubar, kada ta je hannun ɗan makaranta.