Amsa ga ƙanena mai rubuta buri kowane Janairu

Assalamu alaikum ƙanena. Na karanta tambayarka sau biyu. Ka ce ka gama lisans a jami'ar Djibo Hamani nan Tawa, shekara biyu ke nan babu aiki, kuma kowane Janairu kana cika shafi da abubuwan da kake son cimma, amma kafin zafi ya kankama ka manta inda ka ajiye kayen. Kana tambaya ko rashin himma ne ke damunka. Ni dai ban ga alamar haka ba, don marar himma ba ya sake ɗaukar bik shekara ta biyu. Na bi wannan hanya kafin kai, shi ya sa zan ɗan tsawaita, ka yi haƙuri.

Lokacinmu babu jami'a a Tawa, sai a 2010 aka kafa ta, don haka Yamai na yi karatu, a jami'ar Abdou Moumouni. Na yi bautar ƙasa shekara biyu, daga nan na zama malamin kwantaragi a wani ƙauye wajen Illela. Duk tsawon shekarun nan burina ɗaya ne: in samu lambar aikin gwamnati. Kowace shekara shi nake rubutawa a saman shafi. Na daɗe ban gane cewa wannan buri ba ya ba ni aikin yi da safe ba. In na haɗa takardu na kai, shi ke nan, saura jira da sauraren rediyo. Abin da sa hannun wani ke yankewa, roƙon Allah ne ya dace da shi, kuma ina roƙo har yau ga duk mai nema. Amma ba za ka iya raba shi wata-wata ka ce ga inda na kai ba.

A garkar kawuna, can wajen Galmi, na ga yadda ake tsara abu ya tsaya. Manomin albasa ne. In an cire albasa wajen Maris da Afrilu, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi ƙasa warwas. Ranar da ya gama kwasa yake zama ya kasa ta: wannan za a sayar yanzu a biya bashin taki da man injin ban ruwa, wannan na gida da ƴan'uwa ne, wannan kuma za ta shiga rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ta jira har bayan damina, sa'ad da albasa ta yi wuya kuɗinta ya tashi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, tun ranar da yake zuba ta a rudu ya riga ya cire wani kaso a lissafinsa, ya san zai ruɓe ko ya bushe. In ya buɗe ya tarar da ruɓaɓɓu, hankalinsa ba ya tashi, kuma ba ya fasa ajiya baɗi. Ni kuwa duk tsarin da nake yi, ina yin shi kamar babu suna, babu biki, babu rashin lafiya, babu ragon layya. Da ɗaya daga cikinsu ya zo ya ci kuɗin wata, sai in ce tsari ya lalace, in watsar da kome.

Ina jin nan ne kai ma kake faɗuwa. Mu nan kuɗin mutum ba nasa ne shi kaɗai ba, kuma ban ɗauki wannan a matsayin cikas ba, don da shi aka yi mana karatu. Sai dai dole ya shiga lissafi tun farko.

Da na yanke shawarar koyon haɗa wutar sola, na rubuta shi da kuɗi da lokaci. Hutun damina, daga Yuli zuwa Satumba, zan zauna ƙarƙashin wani maigida a cikin gari in koya, in ɗauki tsani, in ja waya, ko ba a ba ni ko dala ba. Kowane wata zan ajiye jikka goma sha biyar don kayan aiki. Shekarar farko koyon ya tafi daidai, ajiyar kuwa ta watse a auren ƙanwata. Shekara ta biyu na sauko zuwa jikka goma, na ware biyar daban na sa mata suna kuɗin dangi, na kuma cire watan azumi da watan layya gaba ɗaya, na ce waɗannan biyun ba na ajiya ba ne. Goman nan na zuba ta a adashe, na roƙa a ba ni kwasa ta ƙarshe, don in kuɗi na hannuna kunya ba za ta bar ni in ce babu ba. Sa'an nan na je na zauna gaban Inna na faɗa mata kome, har da ranar da nake sa ran sayen kaya. Daga ranar ita ke tare mini masu roƙo, ita ke cewa a bar shi yana tara na sana'a. Kar ka raina wannan, ƙanena. Faɗa wa fada duka burinka ba ya ƙara maka kome, amma mutum ɗaya a gida mai iya cewa a'a a madadinka ya fi maka kaye goma.

Maganar Janairu kuma, ka sake dubawa. Shekararmu ba nan take juyawa ba. Kuɗi yana shiga hannun mutane da kaka, in an yanke hatsi da wake, da kuma lokacin albasa. Yana ƙarewa a tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. Azumi da layya kuma kowace shekara suna matsowa baya da kamar kwana 11. Ni a Oktoba nake zama in yi tsarina, in duba inda sallolin za su faɗo, in san watannin da zan matsa da waɗanda zan sassauta. A sana'ata aiki yana yawa daga Maris zuwa Mayu, don kowa na neman fanka da firigo, shi ya sa koyon sabon abu nake barin shi sai damina.

A Agusta 2023, da aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya, mutane sun sha wuya ƙwarai, masu ƙanƙara da masu walda da teloli, kuma ba na tuna lokacin da daɗin rai. Amma a watannin nan duk wanda ya iya haɗa faranti da batir bai zauna ba. Ban hango haka ba sa'ad da nake ɗaukar tsani kyauta. Abin da na sani kawai, ƙauyukanmu da yawa ba su da wuta, rana kuwa Allah Ya hore mana ita, har tashar sola aka gina a Malbaza tun 2018.

Ban ce ka bar neman aikin biro ba. Ka yi rajista a ANPE, hukumar gwamnati mai kula da masu neman aiki, takardunka su zauna a shirye cikin jaka guda, duk jarrabawar ɗaukar aiki da aka buɗe a fanninka ka shiga. Ka ba wannan rana ɗaya a mako. Sauran ranakun ka ba abin da hannunka ke iya ƙarawa, ko gyaran salula ne, ko kwamfuta, ko kiwon tumaki don layya, ko koya wa ƴan lakwal darasi da yamma. Ka je cibiyar koyon sana'o'i ka tambaya, ka kuma bincika ko FAFPA, asusun tallafa wa koyon sana'a, na da wani horo a buɗe. In kuma bida ce a ranka, wato tafiya waje neman kuɗi, kamar yadda take a ran samarin Adar da yawa, ban hana ka ba, amma kafin ka hau mota zuwa Abijan ka rubuta nawa ka je nema, me za ka yi da su, kuma wace kaka za ka dawo. Na ga waɗanda suka tafi don kuɗin moto guda, yau shekara goma iyalinsu na jira.

Buri biyu sun isa a shekara, ɗaya na sana'a, ɗaya na kanka. Nawa na bana shi ne tilawar izu ɗaya bayan asuba, in na tsallake rana sai in ci gaba washegari daga inda na tsaya, ba na komawa farko.

Ka faɗa mini fannin da ka karanta, da abin da ke shigo maka a wata ko da kaɗan ne, da mutum nawa ke dogara da kai a gida. Da waɗannan ukun za mu iya zama mu fitar da lissafin daga nan zuwa kaka. Allah Ya buɗa maka, ka gaida su Inna.