Dashen itace a filin laka: amsoshin tambayoyinku

Wani bawan Allah da ya sayi fili a wajen Tamburawa ya aiko da wannan tambayar: "Assalamu alaikum. Filin da na saya da can gonar shinkafa ce. Bara na dasa lemu da gwanda, suka kama da kyau, amma ana shiga watan Agusta ganyen ya koma rawaya, kafin kaka duk sun bushe. Da rani kuma ƙasar tsattsagewa take yi har hannu ya shiga. Mai yi mini aiki ya ce in sayo tifar yashi a cika ramukan da shi, wani abokina kuma ya ce takin zamani ne ya yi kaɗan. Wanne ya kamata in saya?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a filin. Ka riƙe kuɗinka tukuna, kada ka sayi ko ɗaya daga ciki. Ba yunwa ce ta kashe dashenka ba, ruwa ne. Laka ta fi jigawar da muka saba da ita a kewayen Kano riƙe abincin shuka, illarta ita ce ba ta sakin ruwa. Tsohuwar gonar shinkafa kuwa ta fi kowace tsanani, domin shekara da shekaru ana kwantar da ruwa a cikinta ana tattake ta, ga tifofin da ke kawo yashin gini da bulo sun ƙara danne ta. Saiwa ita ma numfashi take yi. Idan ruwan Agusta ya kwanta a gindin gwanda kwana biyu, sai dai haƙuri. Lemu ya ɗan fi ta juriya, amma shi ma saiwarsa ruɓewa take yi, wani lokaci har ka ga ƙaro yana tsattsafowa daga gindin. Rawayar ganyen ce ke ruɗin mutane su ɗauko yuriya, alhali saiwar da za ta sha takin ta riga ta lalace.

Shawarar yashin nan ta fi damuna, don ta jawo wa mutane da yawa asara. Idan ka haƙa rami mai zurfi a cikin laka ka cika shi da yashi, randa ka binne a ƙasa: ruwan da ke kewaye duk ciki zai gangaro, bangon laka kuma ya hana shi fita. Kafin yashi ya canza halin laka sai ya kai kusan rabin ƙasar da aka gauraya, ka ga kuwa tifa ɗaya ko biyu ba inda za su je a fili guda.

Ka fara da gwajin da ba ya cin ko sisi. Haƙa rami mai zurfin santimita 50, cika shi da ruwa, bari ya tsotse, ka sake cikawa. Idan ka dawo washegari ka tarar da ruwa a ciki, wurin ba na dasa itace a rami ba ne, sai a kan tudu. A sassauta ƙasar wurin da diga, a faɗaɗa sosai ba tare da an zurfafa ba, sannan a tara tudu mai tsayin santimita 30 zuwa 40, faɗinsa kamar mita ɗaya da rabi. Da ƙasar filin za a yi shi, a gauraya ta da ruɓaɓɓen kashin shanu da ɓuntun shinkafar da ya daɗe a jibge. Ɓuntu ba ya wahalar samu a Kano, ga injinan casa nan daga cikin gari har Kura. Nan ya kamata kuɗinka ya tafi. Ɗanyen kashin kaji kuwa ƙona saiwa yake yi, sai ya huce. A yanke ledar dashen a cire ta gaba ɗaya, a zaunar da shi daidai da saman tudun, kada a binne wuyansa. A ja 'yar magudana ta fitar da ruwa daga wurin.

Lokacin aikin ma abin lura ne. Kada a haƙa laka tana jiƙe sharkaf, dunƙulewa za ta yi ta bushe da tauri. A shirya tudun bayan ruwan farko, lokacin da ƙasa ta yi laushi amma ba ta manne wa fartanya, a dasa a watan Yuni idan ruwa ya zauna, don saiwa ta kama kafin marka. Da bazara tudu ya fi saurin bushewa, saboda haka a rufe shi da busasshiyar ciyawa, amma a bar tazarar tafin hannu tsakaninta da gindin saboda gara.

Wata Hajiya daga Panshekara ta ce: "Gidanmu sabo ne, ƙasar laka ce, ina son inuwa da kayan marmari. Mai sayar da dashe a bakin titi ya nuna mini mangwaro mai aure, kashu, turare da gwaba. Wanne zai yi?"

Hajiya, gwaba za ki fara ɗauka. Tana jure laka da kwanciyar ruwa fiye da sauran, ba ta cin wuri, kuma ba ta daɗewa take fara 'ya'ya. Kashu ki bar shi, itacen jigawa ne. Turare zai rayu kam, har ya wuce yadda kike so, amma ban yarda a sa shi a tsakar gida ba. Irin lakar nan kumbura take da damina ta tsuke da rani, itace mai yawan shan ruwa kuma yana ƙara mata tsukewa a kusa da tushen gini, daga nan sai a fara ganin tsaga a bango. Mangwaro zai yi a kan tudu, in dai za ki iya ba shi aƙalla mita 6 daga gini da ramin shadda. Mai aure ya fi tsada, amma yakan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4, na ƙwallo kuwa sai ya haura 5, kuma ba lallai ya gado zaƙin uwarsa ba. Idan filin da faɗi, a tuna da namu na gida: kanya, ɗinya da bagaruwa a fadama suke rayuwarsu tun asali, sai dai kanya da ɗinya suna son haƙuri.

Wajen sayen, ki duƙa ki duba da idonki. Mahaɗar auren ta zama ta warke sumul, reshen sama yana da sabon toho. Ki ɗaga ledar: idan saiwa ta huda ta shiga ƙasa har sai an fizge, ko ta nannaɗe a gindin leda, ajiye shi ki ɗauki ƙarami. Dashen da bai wuce gwiwa ko ƙugu ba ya fi dogon saurin kamawa a laka.

Tambaya ta ƙarshe daga wani matashi ne a Zawaciki, yana son shuka alayyahu, salak da tumatir a bayan gida, yana tambaya ko ya sayi takin bola da ake kawowa a buhu.

Ɗan'uwa, gaskiya ne iyaye da kakanni da takin birni suka riƙe gonakin kewayen Kano, a kan jakuna ake fitar da shi, amma bolar wancan zamanin toka ce da kashin dabbobi da shara. Ta yau cike take da leda, batir da fasassun kwalabe, ba zan ba ka shawarar zuba ta a ganyen da za a ci ba. Nemi takin turke. Ka ɗaga fangali kamar santimita 20 zuwa 25, faɗinsa kada ya wuce inda hannunka zai kai tsakiya, don kada a riƙa taka shi. Tumatir da salak ka bari sai hunturu. Da damina kuɓewa, rama da yakuwa sun fi dacewa da irin wurin. Idan kuma ka ga farin kanwa-kanwa yana fitowa a saman ƙasar da rani, ka ɗebi samfuri ka kai sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Bayero, ko ka tuntuɓi malaman gona na KNARDA, hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta Jihar Kano, kafin ka sayi wani abin gyara.